Me Ya Sa Ruwa Ke Cinye Wata Hanya Ya Bar Wata?

Da zarar damina ta kankama, ƙauyuka da yawa sukan koma kamar tsibiri. Motar da ke zuwa ranar kasuwa ta daina zuwa. Taki ya maƙale a cikin gari, manomi yana jira. Kayan miya su ruɓe a bakin hanya don babu mai ɗauka. Mace mai naƙuda kuwa sai dai a ɗora ta a amalanke a nufi asibiti, ana addu'a.

Abin da ke ɗaure wa jama'a kai shi ne, za a ga hanyoyi biyu da aka yi a shekara ɗaya, ruwa ɗaya ya dake su, amma ɗaya ta zaizaye ta zama kwari, ɗayar kuma tana nan daram. Wasu sukan ce ɗan kwangila ne ya ci kuɗin. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma akwai wani dalili da ba a cika lura da shi ba, wato irin ƙasar da hanyar ta bi ta kai, da irin ƙasar da aka zuba aka yi ta da ita.

Matsalar ba ta tsaya ga ƙananan hanyoyi ba. A watan Agusta na 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum cikin Jihar Bauchi, matafiya suka yi cirko-cirko. Dattawa kuma za su tuna hukumar DFRRI da aka kafa a 1986 a zamanin mulkin Janar Babangida. Ta buɗe hanyoyin karkara masu yawa, amma da dama daga cikinsu ba su daɗe ba ruwa ya lalata su. Saboda haka duk ƙungiyar da ke aikin gayya a kan hanya, ko take neman ƙaramar hukuma ta yi mata hanya, tana bukatar wannan darasi.

YADDA RUWA KE CIN ƘASA

Ruwan sama aiki biyu yake yi wa ƙasa. Da farko yana fasa ta, sannan ya kwashe ta.

Babban ɗigon ruwa yana faɗowa da gudun da ya kai mita 9 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan ya sauka a kan ƙasa tsirara, sai ya tarwatsa ta kamar an buga ɗan guduma. Wanda ya duba gindin bango bayan an ɗauke ruwa zai ga ƙasar da ta fantsama ta manne. Wanda ya duba ƙarƙashin indararo zai ga ramin da ruwa ya haƙa. To, haka yake yi wa hanya daga farkonta har ƙarshenta.

Bayan nan sai ruwan ya taru ya fara gudu. Yakan bi sawun tayar mota, ko sawun amalanke, ko turbar shanu. Yau ɗan layi ne da za a iya rufewa da tafin ƙafa. Bayan ruwa uku ya zama rami. Baɗi ya zama kwazazzabo. Kuma ƙarfin ruwa yana ƙaruwa fiye da yadda gudunsa ke ƙaruwa. Idan gudunsa ya ninka biyu, ƙarfin bugunsa yana ninka huɗu. Shi ya sa ɓarna ta fi yawa a gangare. A ƙasar Hausa kuma mafi yawan ruwan shekara yana sauka ne cikin wata uku ko huɗu, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya, a kan ƙasar da rani ya bari babu ciyawa.

Ita kuwa ƙasa, da abu biyu take kare kanta: nauyi da danƙo. Ƙasar da ƙwayoyinta ke da nauyi, ruwa ba ya iya ɗaga su. Ƙasar da ke da danƙo, ƙwayoyinta suna riƙe da juna, ruwa ba ya iya raba su da sauƙi. Ƙasar da ba ta da nauyi, ba ta kuma da danƙo, ita ce abincin ruwa. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasin.

ƘWAYOYIN ƘASA IRI HUƊU NE

Injiniyoyin hanya sun kasa ƙwayoyin ƙasa gida huɗu bisa ga girmansu.

Tsakuwa ita ce duk ƙwayar da ta wuce milimita 2, wato ta fi ƙwayar gero girma. Tana da nauyi amma ba ta da danƙo.

Yashi ya kama daga girman ƙwayar gero zuwa ƙasa, har wanda da ƙyar ido ke ganinsa. Idan aka murza shi a hannu yana da kaushi. Akwai mai gwaɓi irin na gindin rafi, akwai mai laushi irin wanda iska ke tarawa a jikin shinge.

Turɓaya ta fi yashi laushi. A hannu kamar garin fulawa take. Idan ta jiƙe takan dunƙule kaɗan, amma da ta bushe sai ta murmushe.

Yumɓu shi ne ƙarshen ƙanƙanta. Sai an jera ƙwayarsa 500 kafin ta cika milimita ɗaya. Shi ne mai danƙo, shi maginan tukwane ke nema.

Mutum zai zaci yumɓu ne ruwa ya fi saurin ɗauka, tunda shi ne mafi ƙanƙanta. Ba haka ba ne. A 1935 wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Filip Yulstirom ya yi nazarin yadda kogi ke ɗaukar ƙasa. Ya nuna cewa yashi mai laushi ne ke fara motsi, tun ruwa yana tafiyar santimita 20 kacal a daƙiƙa. Yumɓun da ya kama jikinsa kuwa sai ruwa ya yi gudu mai yawa kafin ya ɓamɓare shi. Masu tsara magudanai suna da lissafi makamancin wannan. Lambatun da aka haƙa cikin yashi mai laushi ba ya jure ruwan da ya wuce rabin mita a daƙiƙa. Wanda aka haƙa cikin yumɓu mai tauri yana jure fiye da mita ɗaya. Mutum mai tafiya a ƙasa yana cin mita ɗaya da ɗoriya a daƙiƙa. Ke nan ruwan da bai kai rabin saurin mai tafiya kasuwa ba ya isa ya cinye lambatun yashi.

A zahiri ba a cika samun iri ɗaya zalla ba. Kowace ƙasa gauraye take. Abin da ake dubawa shi ne wane iri ne ya fi yawa.

ƘASAR JIGAWA DA TURƁAYA

Arewacin jihohin Sakkwato, Katsina, Kano, Jigawa da Yobe, har zuwa kudancin Jamhuriyar Nijar, yawancin ƙasar yashi ne da iska ta tara tun zamanin da. Ita ce ƙasar gero da gyaɗa da wake. Tana da kirki guda ɗaya: tana shan ruwa da sauri, ba ta yin taɓo. A wuri mai shimfiɗa, hanyar jigawa ta fi daɗin bi da damina fiye da rani, domin danshi yana kama yashin. Amma da zarar an tara mata ruwa wuri guda a gangare, ba ta da abin da za ta kare kanta da shi. Bangon ramin yakan rufta, ruwa ya kwashe, wani ya sake ruftawa. Haka kwari ke ci yana komawa baya har ya iso hanya.

Garin Gombe ya sha wannan wahala. Garin yana gangare, ƙasarsa mai yashi ce, kwaruruka sun ci gidaje da tituna. A kudu kuma akwai Nanka da Agulu a Jihar Anambara, inda ramukan zaizaya suka yi zurfin da ke ba da tsoro. Gyaran irin wannan ba ƙaramin kuɗi yake ci ba. A 2012 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin yaƙi da zaizayar ƙasa a Nijeriya mai suna NEWMAP. Abin takaici shi ne, kwaruruka da yawa sun faro ne daga bakin kwalbati ko lambatun hanya, inda aka tara ruwa aka sake shi a kan yashi ba tare da wata kariya ba.

Turɓaya ta fi yashi sharri. Ana samun ta sosai a yankin Zariya da Funtuwa. Idan ruwa ya dake ta sai samanta ya yi ɓawo, ya toshe. Ruwa ba ya shiga, sai ya kwarara a kai yana ɗibarta. Da rani kuma ita ce ƙurar da ke bin mota. Duk ƙurar da ta tashi, hanya ce ke ragewa.

BURJI

Burji, wato jar tsakuwar da ake haƙowa daga marmara, shi ne abin da ya fi dacewa da hanyar karkara a yawancin ƙasar nan. Jan launinsa daga sinadarin ƙarfe yake. Dalilin ƙwarinsa shi ne ya haɗa abu biyun nan. Tsakuwar ta ba da nauyi, yashi ya cike tsakaninta, jan yumɓu ya riƙe su duka.

Sai dai ba kowace jar ƙasa ba ce burji. Wannan kuskure ne da ake yawan yi. Tifa ta juye jar ƙasa, jama'a su yi murna, ashe yumɓu ne zalla. Ruwan farko ta zama santsi, mota ta juya ta faɗa lambatu. Wani kuma tsakuwa ce zalla babu yumɓu. Wannan da rani taya ke watsar da ita gefe, hanya ta yi gargada kamar haƙarƙarin saniya. Burji mai kyau kusan rabinsa tsakuwa ne, kusan kashi 3 cikin 10 yashi, sauran kuma yumɓu. Kada a bar dutsen da ya fi ƙwan kaza girma a ciki. A fasa shi ko a fitar. Kaurin burjin a kan hanya ya kai santimita 15 bayan an daɓe shi.

LAKA DA FIRKI

Lakar fadama tana da danƙo, don haka ruwa mai gudu ba ya saurin ɗibarta. Matsalarta daban ce. Ba ta barin ruwa ya wuce, kuma idan ta sha ruwa ƙarfinta yakan tafi. Mota ta nutse, a tura, a haƙa, a bar rami. Ramin ya riƙe ruwa, gobe wata motar ta ƙara zurfafa shi.

Wadda ta fi duka wuyar sha'ani ita ce baƙar lakar da mutanen Borno ke kira firki, inda ake dasa masakwa bayan damina. Ta mamaye yankin Dikwa, Marte da Ngala kusa da Tafkin Chadi. Akwai irinta a wajen Numan da Guyuk a Adamawa, da wasu sassan Jihar Gombe. Da damina takan kumbura, da rani ta tsuke ta tsattsage har hannu ya shiga. Hanyar da aka ɗora a kanta kullum cikin motsi take, sama da ƙasa. Kwalta ta tsage a tsaye, ruwa ya bi tsagar ya shiga ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hanyar Maiduguri zuwa Dikwa da Gamboru ta ratsa irin wannan ƙasa, kuma ta daɗe tana ba injiniyoyi wahala.

A irin wannan wuri akan kwashe lakar sama a kawo ƙasa mai kyau daga nesa, a ɗaga hanyar sama da inda ruwa ke kwanciya. Ko kuma a gauraya lakar da gasasshiyar farar ƙasa, irin wadda ake shafe ɗaki da ita, kamar kashi 3 zuwa 6 cikin 100. Tana rage kumburin laka, ta sa ta yi gari-gari a iya daɓe ta. Siminti kuwa ya fi dacewa da ƙasa mai yashi. Waɗannan ayyuka ne na injiniya da injuna, sun fi ƙarfin gayya. Amma ya kamata jama'a su san su don su iya tambaya idan an zo yi musu aiki.

ƘASA MAI YAUDARA

Akwai wani yumɓu mai kanwa a jikinsa. Akan same shi a wasu fadamu da fako, inda ake ganin fari-fari a saman ƙasa da rani, shuka kuma ba ta yin kirki. Idan ya bushe tauri gare shi kamar dutse, har fartanya ta yi tsalle. Mai aiki ya ɗauka ya sami ƙasar kirki. Amma da ruwan sama ya taɓa shi, ƙwayoyinsa sai su saki juna su narke, ko da ruwan ba ya gudu. Irin wannan ƙasa daga ciki take zaizayewa. Ruwa ya yi rami kamar na gafiya a ƙarƙashin hanya, sama kuwa lafiya lau. Rana ɗaya mota ta hau, wurin ya rufta. Kada a yi ciko da ita, musamman kusa da kwalbati. Idan babu makawa, injiniyoyi sukan gauraya ta da farar ƙasa ko jibsam, dutsen nan da kamfanonin siminti ke saya.

Wata mai yaudarar ita ce baƙar ƙasar sama mai taki. Wurin manomi babu kamarta. Wurin hanya kuwa ba ta da amfani, domin ganye da saiwoyin da ke cikinta suna ruɓewa su bar rami, kuma ba ta daɓuwa. A kankare ta tukuna a tara gefe guda. Kada a zubar, tana da ranarta, kamar yadda za a gani a gaba.

GWAJI UKU DA KOWA ZAI IYA YI

Ba sai an je ɗakin bincike ba kafin a san irin ƙasa. A haƙa rami kamu ɗaya ko biyu, a ɗebo ƙasar ciki, ba ta sama ba.

Gwajin kwalba. A sami kwalba mai haske. A zuba ƙasa ta kai kashi ɗaya cikin uku, a ƙara gishiri kaɗan, a cika da ruwa. A rufe a girgiza sosai, a ajiye. Tsakuwa da yashi za su kwanta cikin minti ɗaya. A sa alama. Turɓaya za ta kwanta a kansu cikin awa ɗaya ko biyu. A sake sa alama. Yumɓu sai ya kwana, wani ma ya fi haka. Da safe za a ga hawa-hawa, a gane wanda ya fi yawa.

Gwajin murzawa. A cire tsakuwa, a jiƙa ƙasar kaɗan, a murza ta a tafin hannu kamar za a yi igiya. In ta ƙi haɗuwa sam, yashi ne. In ta haɗu amma ta kakkarye tun tana da kaurin yatsa, turɓaya ce ko yashi mai ɗan yumɓu. In ta murzu har ta yi siririya kamar tsinken ashana ba ta karye ba, yumɓu ya yi yawa.

Gwajin ɗan ƙulli. Wannan shi ke tona asirin ƙasa mai kanwa. A sami ruwan sama mai tsabta a kofin gilashi ko farin kwano. Kada a sa gishiri a wannan. A ɗauki busasshen ɗan ƙullin ƙasa kamar girman ƙwayar gyaɗa, a saka a hankali, kada a motsa. A jira minti goma, a sake dubawa bayan awa ɗaya. In ƙullin ya farfashe amma ruwan ya zauna garau, babu laifi. In wani hazo ya fito ya kewaye shi kamar an ɗiga nono, to a guji wannan ƙasa.

Ƙasa tana canzawa a kan hanya ɗaya. Tudu daban, gangare daban, fadama daban. A yi gwajin a duk inda launi ko kamannin ƙasa suka sauya.

DAƁE

Ko ƙasa ta kai yaya kyau, in ba a daɓe ta ba, aikin banza ne. Mata sun riga kowa sanin wannan. Idan za su yi daɓen ɗaki sukan zuba tsakuwa da jar ƙasa, su yayyafa ruwa, su yi ta bugu da madaɓi, su zuba ruwan makuba, su sake bugu. Daɓen da aka yi haka yakan shekara da shekaru ana shara ana wanka bai tashi ba. Motar daɓe da ake gani wurin aikin titi, aikin madaɓi take yi, girma kawai ta fi shi.

Daɓe yana korar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, ya matse su su kama juna. Sai ruwa ya rasa hanyar shiga, ya kuma kasa ɓamɓarar su. Sirrin yana wurin danshi. A 1933 wani injiniya a Amurka mai suna Ralf Furokta ya nuna cewa kowace ƙasa tana da ma'aunin ruwan da ta fi daɓuwa da shi. In ta bushe da yawa, ƙwayoyin ba sa zamewa su shiga tsakanin juna. In ta jiƙe da yawa, ruwan ya cika gurbin, sai ta yi ta lotsawa kamar ƙullun ƙosai. Har yau da gwajinsa ake aiki a ayyukan hanya.

A ƙauye ga yadda ake ganewa. A damƙi ƙasar a matse. In ta watse da an buɗe hannu, tana son ruwa. In ta ɓata hannu ko ruwa ya fito, ta jiƙe da yawa, a bar ta ta sha iska. In ta dunƙule ta zauna, aka sake ta daga tsayin ƙugu ta fashe gida uku ko huɗu, to ta yi daidai.

Kuma a daɓe hawa-hawa. Da mota, kowane hawa kada ya wuce santimita 15. Da hannu, kada ya wuce 10. Ana iya yin madaɓi mai nauyi da babban gwangwani: a cika shi da kwaɓin siminti, a kafa masa ƙota. Abin da ake yawan gani a aikin gayya shi ne a cika rami mai zurfin gwiwa tashi ɗaya, a tattaka sama, a ce motoci za su ƙarasa. Ba za su ƙarasa ba. Sama kawai ke kamawa, ƙasan kuwa yana nan sakwa-sakwa yana jiran ruwa.

TOZO, LAMBATU DA KWALBATI

Dole tsakiyar hanya ta fi gefenta tudu, kamar tozon sa, don ruwa ya sauka gefe nan da nan. A hanyar burji, kowace mita ɗaya daga tsakiya zuwa gefe ta sauka da santimita 5. Hanya mai faɗin mita 6 ke nan tsakiyarta za ta fi gefe da santimita 15, kusan taƙi guda. Hanyar da tsakiyarta ta lotsa ta riga ta zama rafi, ruwa kawai take jira.

Ruwan da ya sauka gefe lambatu ne ke karɓarsa, kuma a nan ne sanin ƙasa ke da amfani ƙwarai. A ƙasa mai yashi ko turɓaya, lambatu ya zama mai faɗi marar zurfi, don ruwa ya baje ya rage gudu. Kada a bar ruwa ya yi doguwar tafiya a cikinsa. A riƙa fitar da 'yan rassa suna karkatar da shi zuwa daji ko gona, kaɗan nan kaɗan can, bayan an yi shawara da masu gonakin. A gangare a jera 'yan shingayen duwatsu ko turaku a gicciye cikin lambatun, tsakiyarsu ta fi gefe ƙasa, a kuma shimfiɗa duwatsu a inda ruwan zai faɗa. A gangare mai sauƙi, kowace mita 20. A mai tsanani, kowace mita 5. Inda yashi ne zalla kuma gangaren ya yi yawa, babu abin da zai yi sai ginin dutse da siminti.

Gefen cikon hanya ma kowace ƙasa da irin kwanciyar da take so. A yashi, in tsayin cikon mita ɗaya ne, gindinsa ya fita mita 3. A burji mita ɗaya da rabi zuwa 2 ya isa. Wanda ya yanke yashi a tsaye kamar bango, ruwan farko zai kwantar masa da shi.

Yawancin hanyoyin da ruwa ke yankewa, a wurin kwalbati suke yankewa. Dalili uku ne. Ko kwalbatin ta yi ƙanƙanta, ko ta toshe da yashi da shara, ko ba a daɓe ƙasar da ke kewaye da ita ba. Sai ruwa ya taru, ya bi jikin kwalbatin ta waje, ya yi ta jan ƙasa kaɗan-kaɗan har saman ya faɗa. Kwalbatin da faɗin bakinta bai kai santimita 60 ba tana saurin toshewa, kuma mai santimita 90 ta fi sauƙin yashewa. A bakin da ruwa ke fita a shimfiɗa manyan duwatsu, domin a nan ruwa ya fi ƙarfi. Masu ɗiban yashi kuma su nisanci gindin gada da kwalbati. Duk tifar da aka cika a wurin, ƙafar gadar ake yi wa rami. Haka nan kada a haƙa kududdufi dab da hanya don neman ƙasar ciko.

RANAR BAƘAR ƘASA

Yanzu sai a koma kan ƙasar saman nan da aka tara gefe. A baza ta a gefen cikon hanya da bakin lambatu, a dasa ciyawa. Ganye yana tare ɗigon ruwa kafin ya daki ƙasa, saiwa kuma tana yi wa yashi aikin danƙon da ba shi da shi. Kirikiri yana shimfiɗuwa ya rufe ƙasa, kuma yana jure takawa. Jema, wadda ake samu a fadama, saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai. A dasa ta a jere kusa da kusa, a gicciyen gangare, ta zama shinge mai tace ƙasa. Gamba ma tana yi, ga kuma zana a samu. A dasa da farkon damina don su kama kafin ruwan Agusta. Manomin da ke kusa da hanya ya bar taku biyu ko uku bai nome ba, kada ya kai garma har cikin lambatu.

Lokacin aiki ma abin lura ne. Yashe lambatu da kwalbati a yi shi da bazara, kafin ruwan farko. Ciko da daɓe kuwa sun fi kyau a farkon damina ko ƙarshenta, lokacin da ƙasa ke da danshi. Wanda ya ce sai tsakiyar rani, to ya tanadi ruwan yayyafi da yawa. Bayan kowane babban ruwa, wasu 'yan ƙungiya su zaga da fartanya da shebur su toshe ƙananan layukan da ruwa ya fara ja. A ƙasashen Kamaru da Chadi akwai shingen da ake rufe hanyar burji da shi idan an yi ruwa, manyan motoci su dakata sai ta sha iska. Mai unguwa da 'yan ƙungiyar direbobi za su iya yin irin wannan yarjejeniya, musamman inda hanya ta ratsa laka.

Idan kuwa rami ya wuce tsayin mutum, ko an ga ƙasa tana lotsawa a kan kwalbati, abin ya wuce gayya. A sa alama da rassan itace don masu tafiyar dare, sannan shugaban ƙungiya ya rubuta takarda zuwa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. A cikin takardar a faɗi wurin, da zurfin ramin, da irin ƙasar da gwajin kwalba ya nuna.